Akuyar da Baba Ya Ɗaure a Bayan Asibiti

Argungu, Jihar Sakkwato
Afrilu, 1984

Zuwa ga yayana Dikko,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali a can Ikko, Allah Ya ƙara maka lafiya da rufin asiri. Baba Labbo yana nan da sauƙi, sai dai ya rame. Jaririn da ƙanwarmu Riskuwa ta bari an raɗa masa Abdussamadu, yana hannuna. Saƙon rasuwarta ya riske ka, amma akwai abin da ban iya ba ɗan aike ba, kuma ya hana ni barci.

Da ta haihu jini ya ɓalle mata, muka kai ta wani asibitin kuɗi a Birnin Kebbi. Aka ƙara mata jini, aka manna mata wayoyi a ƙirji daga wata na'ura mai duba bugun zuciya. Nono bai zo ba, jariri na ta kuka, sai Baba ya ɗauko jar akuyarsa a mota tun daga Argungu don mu riƙa tatsa. Ya nemi turke a bayan ɗakin da aka kwantar da ita, ya ga wani ƙarfe kafe a ƙasa, ya ɗaure ta nan. Wallahi har daɗi muka ji. Daga ranar, duk wanda ya taɓa gadon Riskuwa sai ya ji wuta ta ɗan ja shi. Na gaya wa nas, ta ce haka na'urar take yi wani lokaci, in riƙa kama gadon da zane. Riskuwa ta fara samun sauƙi, har tana tsokanata wai na fi ta son ɗanta. Ranar Talata da azahar, cikin wannan zafi, ta jiƙe da zufa, ta miƙa hannu ta kama ƙarfen gadon za ta tashi. Shi ke nan, Yaya.

Bayan kwana bakwai na koma ɗaukar kwanukanmu, na tarar da wani Bayo, mai gyaran wuta na unguwar Nassarawa, yana auna na'urar. Bai san ko ni wace ce ba. Ya ce kowace na'ura tana ɗan yoyon wuta, kuma wadda ake jona wa majiyyaci akwai iyakar da ba a yarda ta wuce ba, don abin da mai lafiya zai ji zir ya janye hannu yana iya tsayar da zuciyar mai rauni. Ya ce wannan ta tsufa, ta wuce iyakar nesa ba kusa ba, wayar da ke zubar da yoyon cikin ƙasa ce kawai take rufa mata asiri. Sai ya nuna mini ƙarfen nan da wayar a tsinke, yana faɗa wai wani ya mai da shi turke. Nan na gane akuyarmu ce ta tsinke wayar. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na san zuciyarka. Za ka ce sai ka kai ƙara Sakkwato, kuma da gaskiyarka, don gobe ɗiyar wani za su kwantar a gadon nan. Amma tambayar farko da za a yi ita ce wa ya ɗaure dabba a wurin, kuma Baba ba zai rayu da amsar ba. Gaba kura, baya siyaki. Na rasa abin yi, na gaji da kuka a ɓoye. Don Allah kada ka yi komai sai ka zo mun zauna.

Akuyar tana nan, ita ke shayar da Abdussamadu. Kullum da safe Baba yana kai mata dussa da hannunsa, yana shafa ta, yana cewa Allah Ya yi mata albarka, ita ta riƙe masa jika. Ni ke tatsa, ni ke cewa amin.

Ka gai da matarka Asiya da ƙaramar Laure. Inna Uwa tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Sauda