Taɓawa Sai Tafiya

Litinin, 3 ga Maris

Ni, mai digiri a fannin Tsimi da Tanadi, na farko kaf zuriyarmu, na buɗe wannan kundi domin taskace bayanin jinyar Baba bisa tsari. Yau likita ya tsaya a bakin ɗaki na shida a asibiti, ya ce da Turanci, "It's touch and go." Umma ta kamo hannun rigata: "Me ya ce?" Na fayyace mata ba tare da inda-inda ba: ɗan taɓa shi kawai za su yi, sai tafiya gida. Yaya, wadda ke tsokanata da suna Ƙamus, ta ce, "Ƙamus, ka tabbata? Fuskar mutumin nan ba ta sallama ba ce." Na tunatar da ita cewa fuska ba hujja ba ce a ilmance.

Talata, 4 ga Maris

Kwana tara Umma ba ta bar gefen gadon ba. Bisa shawarata ta koma gida da hantsi, ta wanke masa zanin gado. Yaya tana wurin aiki. Ni na tafi neman motar ɗaukarsa.

Baba ya cika ƙarfe biyu da kwata. Ba namu ko ɗaya a ɗakin.

Alhamis, 6 ga Maris

Zanin yana kan igiya har yanzu.

Asabar, 8 ga Maris

Na duba ƙamus. Ma'anar "touch and go": hali marar tabbas, tsakanin rai da mutuwa, akan faɗe shi ga wanda jikinsa ya tsananta. Layi biyu kacal. Duk da haka, ƙwararre bai kamata ya yi wa jama'a magana a dunƙule ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Na ji Umma tana gaya wa masu gaisuwa, "Likita ma sallama ya ce, ɗana ne ya fassara. Lokaci ne kawai." Yaya ta kawo min ruwa. Tun Talata ba ta kira ni Ƙamus ba. Da ma ta kira.

Laraba, 12 ga Maris

Na rubuta wa likita takardar ƙorafi, shafi huɗu. Na soke uku da rabi. Ga abin da ya saura:

"Ranka ya daɗe, ina buƙatar a sanar da ni, cikin kalmomin da ko ni zan gane, ko mahaifina ya nemi mahaifiyata kafin ya cika. Ina jiran amsa a rubuce kafin Juma'a, 21 ga wata."