Na Tara Dangwalen Mutane a Farar Takarda

Assalamu alaikum Sakatare, da dukkan 'yan uwa na wannan ƙungiya tamu ta masu sauraren rediyo, na Karaye da na Rogo da na ƙauyuka, ina fatan an yi kaka lafiya, ya iyali, ya kasuwa. Sakatare in za ka karanta wannan a taron ranar Lahadi ka ninke wajen sunana ka danne shi da yatsa, kada ka bar kowa ya leƙa. Na san daga jin layi biyu wasu za su fara kallon juna suna murmushi, to ku yi murmushinku amma ku kama bakinku. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana shida ke nan na kasa cin tuwo, ni da nake tashi da malmala biyar in tambaya ko akwai saura a tukunya.

Sana'ata gyaran rediyo da sayar da batir, ina cin kasuwar Rogo ina cin ta Karaye, gidana kuma wajen Kwanyawa. Mai irin wannan sana'a kullum kunnensa a labarai yake, tunda ba ka sanin rediyo ya gyaru sai ka kunna. Tun da sojoji suka miƙa mulki majalisar jiha ta fara zama, shirin nan na bayan la'asar da ake kawo abin da 'yan majalisa suka tattauna bai taɓa wuce ni ba, har wani tsohon littafin makaranta na samu ina rubuta abin da aka ce, yau an gabatar da kaza, gobe an tura wa kwamiti. Mutane su cika rumfata in fassara musu. Laifina ɗaya, ban iya ba da labari ba gishiri. In ɗan majalisa ya ɗaga murya sai in ce ya cire hula ya jefi shugaba, in an tashi da wuri in ce yunwa ce ta kore su. Kowa ya san halina, a yi dariya a watse.

To ana nan sai na ji ana maganar gyara dokar zaɓen kansiloli. Wasu na cewa kowa ya fito ya jefa ƙuri'arsa da hannunsa, namiji da mace, kamar yadda aka yi a zaɓen da ya wuce. Wasu kuma na cewa a'a, kowace unguwa ta fitar da wakilai kaɗan su je su zaɓa wa sauran. Ni kuwa na san su wa ake kira wakilai a wajenmu, mutum huɗu ne ko biyar, tun ina da gashi a kai su ne, kuma babu mai ɗankwali a cikinsu. Mai gabatar da shirin ya ce kwamiti na karɓar takardun jama'a har ƙarshen watan gobe, duk mai magana ya rubuto. Abin ya shige ni, na ce yau ga ranar da surutuna zai yi amfani. Na rubuta 'yar takarda da Hausa, layi takwas, cewa mu mutanen wannan yanki muna so a bar wa kowa ƙuri'arsa, kuma a matso da rumfar zaɓe kusa saboda mata da tsofaffi.

Na kai wa yayan matata ya duba, zan kira shi Yaya Tanko, ba sunansa ke nan ba. Tsohon akawu ne, ya san Kano ciki da waje, shi ya riƙe matata tun tana ƙarama har ya aura mini ita, ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba. Ya karanta ya yi dariya ya ce, mijin ƙanwata wannan ai wasiƙar neman aure ka rubuta, majalisa ba ta karɓar rubutun hannu, sai da Turanci, a tafireta, a doguwar takarda irin ta ofis. Na ce to ina muka ga tafireta a nan. Ya ce abu mai sauƙi, haka muke yi tun zamanin En'e, ka bar rabin takarda na sama fari, mutane su dangwala yatsa a ƙasa ka rubuta sunan kowa a gefe, in na shiga Kano akwai mai buga mini sai ya cike saman. Har ya ba ni takardu bakwai da ɗan akwatin tawadar hatimi. Na durƙusa na yi godiya.

Ga inda nawa laifin yake, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku. Ranar farko na tsaya ina yi wa mutane bayanin doka da kwamiti, har azahar yatsa uku na samu, ɗaya ma nawa ne. Washegari sai halin ya motsa. Wanda na ga manomin gyada ne in ce masa dangwala, daga wannan sai takin zamani har ƙofar gida. Na ce wa mahauta za a gina musu rumfar kwano mai fanka. Wani tsoho mai jaki na ce masa kwalta za ta bi ta gonarsa har jakin sai an saya masa takalmi, ya yi dariya har da hawaye ya miƙo yatsa. A raina ina cewa ai duk cikin alheri ne, in aka bar musu ƙuri'a ai ta nan taki zai zo. Cikin kwana huɗu na cika takarda huɗu. Tun da na fara sa gishirin mutum ɗaya ne ya ƙi, wani malamin allo a Unguwar Hajji, ya juya takardar gaba da baya ya ce ina rubutun, na ce yana Kano, ya miƙo mini abata ya ce in ya iso ka dawo. Na fito ina ba da labarinsa a kasuwa ana dariya.

Sauran takarda uku na mata ne, kuma ba ni na tara ba. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira ta Yaya Asabe, ungozoma ce, rabin mutanen yankinmu a hannunta suka faɗo, babu gidan da ake yi mata sallama a zaure. Ita ba ta san gishiri ba. Ta sa na karanta mata layi takwas ɗin nan sau uku har ta haddace, ta ɗauki tawada a cikin kwallarta ta bi gida gida, kusan mako biyu, tana faɗa wa mata abin da ke ciki kalma da kalma. Wasu mazan suka hana, ta ce musu ni na yanke cibiyarka, ba ka isa ba. Wasu matan suka ce suna tsoro, ta dafa ƙirji ta ce in wani abu ya biyo baya a wuyana. Ranar da ta kawo mini takardun ta ce, Auta, yatsun matan mutane ne wannan, ka riƙe da kyau. Shekarata arba'in da bakwai, da furfura a gemu, har yau Auta nake a bakinta.

Na haɗa bakwai ɗin na kai wa Yaya Tanko, ya shiga motar safe, ya kwana uku ya dawo. Na je gaishe shi na ce Yaya ko akwai kwafi in karanta wa mutane, ya ce mai tafiretar takardar kabon ɗinsa ta yin kwafi ta ƙare. Na ce to wa aka ba, ya ce masinja. Bayan kwana biyu muna zaune a wajen suna na ji yana gaya wa wani cewa hannu da hannu ya miƙa wa babban mutum, har an ba shi shayi. Na ce a raina to masinjan ne babban mutum ko kuwa. Na sake komawa na ce ya ɗan faɗa mini yadda aka juya maganar da Turanci, ko layi ɗaya, ya ce kai da Turancinka bai wuce on da of na jikin rediyo ba me za ka gane, aka yi dariya, ni ma na taya, amma dariyar iya haƙora ta tsaya.

Sai ranar Litinin da ta wuce, ina rumfa a Rogo mutane sun kewaye ni, aka zo shirin majalisa. Mai gabatarwa ya ce cikin takardun da kwamiti ya samu akwai wata daga wani yanki na yammacin jiha, da dangwalen jama'a maza da mata, suna roƙon a bar wakilai su zaɓa musu, wai tsayuwa a layi wahala ce ga iyali. Bai faɗi gari ba. Sukudireba ce a hannuna, ban san sanda ta faɗi ba. Wani ya ce yau ba fassara ne, na ce cikina ne ya murɗa, na rufe rumfa tun rana na sama, abin da ko ranar da aka haifi ɗan farina ban yi ba.

'Yan uwa yammacin jiha da faɗi, na sani. Amma ku gaya mini, wa kuka ji ya shiga gidaje ya tara yatsun mata in ba Yaya Asabe ba? Na tambayi direbobi, na tambayi masu awon hatsi da ke cin kasuwanni har bakin iyaka, babu wanda ya ji an yi haka a wani wuri. Sannan a 'yan kwanakin nan sau biyu ana ganin Yaya Tanko a gidan gaba na motar wani attajiri da kowa ya san yana son kansila, mutumin da a da ko gaisuwa ba ta haɗa su. Kuma in dokar wakilai ta tabbata, ko makaho ya san Yaya Tanko na cikin huɗun nan ko biyar. Ta ɗaya ɓangaren kuma, shekara ashirin ina tare da bawan Allahn nan ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ni ne ma ake kamawa kullum. Motar ma wataƙila rage masa hanya aka yi. Har na fara zargin mai tafiretar, mutumin da ko sunansa ban sani ba, in na gaji da shi in koma kan masinja.

Labari ya kai wa Yaya Asabe kafin in kai mata, wata mata ce ta ji a rediyon mijinta ta aika a tambaye ta. Ta zo gidana da hantsi ko zama ba ta yi ba. Ta ce in kawo mata takardunta uku ta gani da idonta a karanta mata, na ce suna Kano, ta ce rubutun yana Kano takarda tana Kano, kai me ya rage maka a nan ban da baki. Ta ce mata biyu sun riga sun daina amsa mata gaisuwa, ɗaya kuma mijinta ya ce ko haihuwa ta zo kada a kira ta, ita da ta shekara talatin tana wannan aiki ba a taɓa rufe mata ƙofa ba. Matata tana jin an ambaci yayanta ta fito daga madafa, ta ce duk wanda ya ce Yaya ya ci amana ya kawo shaida, in babu kuma ta san hanyar gidansu. Suka yi ta yi, ni ina tsakiya ina ba wannan haƙuri ina ba waccan, na ɗan jefa wasa don a huce, su biyun suka juyo kaina.

Na je wajen Yaya Tanko karo na ƙarshe shekaranjiya, na rusuna na faɗa masa abin da na ji a rediyo, ban zarge shi ba, tambaya kawai na yi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in kana ganin an canja maka magana, tara mutanen da suka dangwala a tambayi kowa me ka ce masa, mai taki ya faɗa, mai fanka ya faɗa, mai jaki ma ya zo da jakinsa. Ashe duk ya sani. Har yanzu na kasa gane ko gargaɗi ne ya yi mini ko kuwa haushin zargi ne ya sa shi.

Saura kwana tara kwamiti ya rufe. Na sayo sabuwar takarda na rubuta layi takwas ɗina a sama da hannuna, da Hausa, in sun ga dama su karɓa. Na kai wa mutum biyar, na farko ya ce wannan karon jirgin sama za a kawo mana ko jirgin ruwa, sauran suka ce ai sun riga sun dangwala, yatsa ba ya yin biyu. Malamin Unguwar Hajji ne kaɗai ya karanta ya sa hannu. Yaya Asabe ta ce za ta sake bin gidajen nan ko za a kore ta da muciya, amma da sharaɗi, sai na tashi ranar Juma'a bayan an sallame, a gaban mazan da na yi wa alkawarin taki, na faɗi da bakina cewa farar takarda na ba su kuma ban san abin da aka rubuta a kai ba. In ban tashi ba, ta ce kada in ƙara kiran ta Yaya.

Tashin zan yi, wannan na gama yanke shi. In akwai wanda ya san ƙofar da ake bi a majalisa mutum ya ga takardar da aka kai da sunansa, ya gaya wa Sakatare, ko gobe sai in shiga mota. Amma abin da ya hana ni cin tuwo shi ne, ina rufe baki wani zai ɗaga murya daga sahun baya ya ce to wa ka ba takardun. In na ce Yaya Tanko, na jefa mutumin da ya ba ni mata a bakin duniya ba tare da na ga ko layi ɗaya da idona ba, kuma in koma gida in tarar matata ta naɗe tabarmarta ta tafi. In na yi shiru, mutane za su ce ni na sayar da yatsun matansu, kuma Yaya Asabe ce ta tara mini. Don Allah 'yan uwa, ranar Juma'a in an yi mini wannan tambaya, in faɗi sunan ko in haɗiye?