Fure Goma Sha Biyu

Poiana, 3 ga Oktoba, 1974

Ɗana Tavi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cin abinci. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da furfura na koye shi.

Furen da ka ba direban bas ya iso. Sau uku na ƙirga: goma sha biyu. Haba Tavi, kai da lissafi ne aikinka! Ka manta a ƙirgar fure lamba cika ta matattu ce, mara ta masu rai? Na zare ɗaya na ɓoye bayan hoton Budurwa Maryamu kafin in shiga wa babanka da su.

Likita ya ce ciwon babanka na huhu ne. Tuwon masara ma cokali biyu yake ci. Ka zo.

Mahaifiyarka,
Floarea

Cluj, 9 ga Oktoba

Mama, ina sumbatar hannunki.

Ki yafe mini. Yadda mai furen ta ɗaure su na karɓa, hankalina yana kan wata lamba. Gurbinta arba'in da ɗaya, ta ƙare da bakwai, saboda haka mara ce. Uku ba ta raba ta, bakwai ba ta raba ta. Shekara huɗu ke nan ina zaton ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. An ba ni na'urar lissafi ta wurin aikinmu na mako uku in tabbatar. In na tashi yanzu, sai baɗi.

Ki ce wa Baba ya jira ni.

Ɗanki,
Octavian

Poiana, 17 ga Oktoba

Tavi, ina gaishe ka.

Na karanta wa babanka takardarka. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Floarea, ashe makiyayin lamba kika haifa mana. In ya juya baya, kerkeci ne zai ɗauke ta?"

Can ya nuna bango da haɓa. Ashe daga gadonsa yana hango karan furen nan. Ya ce, "Mayar da shi cikin 'yan'uwansa, tsohuwa. Yaron bai yi kuskure ba, sauri dai ya yi."

Na ƙi. Ban san lambarka ba, amma kwanakin babanka ina ƙirga su.

Allah ya tsare ka.
Floarea

Cluj, 28 ga Oktoba

Mama, ina sumbatar hannunki.

Lambar ta rabu. Wata mai gurbi tara ce ta raba ta. Ba ta da wani bambanci da sauran. Ina tafe Asabar a bas ɗin safe.

Octavian

Poiana, 1 ga Nuwamba

Ɗana,

Direba zai kawo maka wannan hannu da hannu. Takardarka ta iso jiya da yamma. Babanka ya cika jiya da hantsi. Asabar za mu kai shi.

Kada ka tsaya sayen fure. Naka sun bushe, amma naka ne. Na mayar da ɗayan.

Mahaifiyarka