Kujerar Hayatu

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
An kori Hayatu daga gidan talabijin ɗinmu! Hayatun "Zauren Juma'a", wanda ko ƙofa ba ya buɗe wa kansa. A shirin Juma'ar da ta wuce ya ce wa baƙonsa, wani makiyayi daga Gwashi mai suna Mu'azu: "Ajiye sandar nan, kada ka kora mana kyamara daji." Bidiyon ya zagaya duniya, ana cewa ya kira Fulani ɓarayi. Shi ya ja wa kansa.

Talata, 6 ga Mayu
Manaja ya ce ni zan hau kujerar! Ni Lubabatu mai karanta gaishe-gaishe! Na shige banɗaki na yi rawa. Sharaɗinsa ɗaya: kada sunan Hayatu ko maganar nan su fito bakina.

Alhamis, 8 ga Mayu
Na zo gida Gummi ɗinka leshi. Tela ma ya san ni yanzu, wai "Hajiya".

Asabar, 10 ga Mayu
Inna ta zuba mini ruwan sanyi. "Ke ɗiyata, Mu'azu ai taubashin Hayatu na, ɗan kawunai. Tun suna ƙanana haka suka tsokanar juna." Ashe a bidiyon an yanke inda Mu'azu ya rama, ya kira shi Kaɗo mai tsoron ɗan maraƙi, suka tafa.
To ni ina ruwana? Ba ni na yanke ba.

Lahadi, 11 ga Mayu
Hure mai kawo mana nono ta zo bayan kwanaki. Yara na bin ta a kasuwa suna "kora mana daji". Ta ce: "Shi da taubashinai ka wasa, mu ka shan zagi." Ta faɗa tana dariya, ta ci gaba da auna mana nono. Na ji kunya, na ji haushin Hayatu, na kuma ji tausayinsa. Duk a kan ƙwarya ɗaya.

Laraba, 14 ga Mayu
Leshin ya fito, wallahi na yi kyau!

Juma'a, 16 ga Mayu
Yau ne! Manaja na tsammanin hira kan takin zamani, bai san na gayyato Hure da Mu'azu ba. Hure na ɗakin jira tana gyara kallabi, Mu'azu ya iso a kan babur.
Na sa a kawo mini wata kujerar, ta Hayatu kuma a bar ta a gefe. Don in ajiye jakata ne kawai.