Bilkisu da Ruɓaɓɓen Itace

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya Fatakwal, ya ciwon ƙafar? Ya Hajiya da yara? Mu nan lafiya lau, Inna ma ta samu sauƙi.

'Yarka Bilkisu ta kusa janyo mana magana. Ka san aikinta na kammala jami'a a kan wasu 'yan mitsi-mitsin naman kaza ne, wato dangin laimar kwaɗi, masu kama da ƙoƙo, da ke fitowa jikin mataccen itace. Ran Talata 'yan sa-kai suka same ta a bakin daji, hanyar Tsohon Birnin Gwari, ta durƙusa da gilashin ƙara girma tana rubuce-rubuce. Suka ɗauka rahoto take haɗa wa 'yan bindiga, suka taso ta har gida.

Ta miƙa wa shugabansu gilashin da guntun itacen da ta taho da shi, ta ce, "Baba, duba da kanka. Da launinsu da gashin bakinsu nake gane irinsu."

Ya daɗe yana leƙe, sannan ya dubi littafinta ya ce, "Ikon Allah, har da gashin ido! Amma me kika rubuta, kaɗanya? Wannan ai marke ne, gyara."

Tun ranar, kullum sai sun kawo mata ruɓaɓɓen itace. Tsakar gida ya cika, gara ta samu wurin zama, kuma an hana ni sa ko ɗaya a murhu.

A taya mu addu'ar zaman lafiya, da ta Bilkisu ta gama aikin nan kafin gara ta kai ga rufin ɗakina. Gai da kowa.

Ƙanwarka,
Rabi