Kaza a Akori-kurar Baba

Assalamu alaikum Yaya Sabo,

Ina gajiya, ya iyali, ya ƙafar Hajiya? Mu nan Kazaure lafiya lau.

Na sayo tsohuwar akori-kurar marigayi Baba daga hannun wani dattijo a ƙauyen Babura, don a tayar da ita. Janwe ya iso zai jawo ta gareji, sai matar dattijon ta tare gaba, wai kazarta na kwanci a kujerar direba.

Na ce, "Inna, zan biya ƙwan."

Ta ce, "Alhaji, kai za ka ƙyanƙyashe min su?"

Haka janwe ya juya. Yanzu ni da bakanike kaza muke jira.

A taya mu addu'a ta ƙyanƙyashe kafin damina ta cinye hanyar. A gaida yara.

Ƙaninka,
Habu