Sa Hannu a Takardar Mai Kemis

Yaya abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Kin tuna Mai Kemis na kwanar layinmu, wanda ya riƙa miƙa wa Autanmu maganin tari ta ƙarƙashin kantar shagonsa har muka rasa shi? To jiya ya shigo cibiyarmu ta jinyar 'yan shaye-shaye da kwat da jaka, wai shi ma mai ba 'yan shaye-shaye shawara zai zama. Ya baje takardu a teburina: digiri kan halayyar ɗan Adam da shaidar kwas na shekara guda. Abin da ya rage masa shi ne awa ɗari uku yana aiki a ƙarƙashin wanda ya ƙware, sai jarrabawar hukuma, sai lasisi. Shugabanmu, da bai san komai ba, ya ce ni zan kula da shi.

Ya gane ni sarai. Har da rusunawa, har da "Malama". Na nuna masa kujerar da ƙafarta ke rawa. Oh ni, wai mutumin nan ne zai koya wa 'ya'yan mutane barin ƙwaya!

Taki har kullum,
Ƙanwarki

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga saƙonki. Kin ce in ƙi karɓarsa. Ai ni so nake in ga iyakar rashin kunyarsa.

Wata uku ke nan. Ba ya makara, ba ya fashi, littafinsa tsaf kamar na ɗan firamare mai neman yabo. In ya buɗe baki a ɗakin tattaunawa, sai ka rantse littafi ya haɗiye: mataki na ɗaya, mataki na biyu. Mutumin da hannunsa ke karkarwa ina ruwansa da mataki?

Shekaranjiya wani direba da ke jinya a wurinmu ya ƙura masa ido ya ce, "Ba kai ne ka fara sayar min ba?" Na gyara zama ina jiran ƙarya. Sai ya ce, "Ni ne." Ko ƙarin bayani bai yi ba. Kada ki ce ya burge ni. Abin da kowa ya sani, ina gwanintar amsa shi?

Ki gaida Inna, amma kada ki faɗa mata.

Ƙanwarki

Yaya,

Ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya, sai gajiya.

Awanninsa sun cika. Ya kawo fom ɗin hukuma ya ajiye da hannu biyu. Na sa hannu a kan awa ɗari ukun, domin ya yi su, kuma ba zan ɓata sunana da ƙarya saboda irinsa ba. Amma a ƙasa akwai gurbin da ake tambaya ko na san wani abu game da halinsa da ya kamata hukuma ta sani. Na cika shi har na juya baya. Na rubuta kantin, na rubuta kwalaben, na rubuta yadda muka tsinci Auta a bayan makaranta. Na ce shekara biyu yana sayar masa.

Kafin in rufe ambulan na tura masa na ce ya karanta. So nake in ga ya roƙe ni, in ƙi.

Ya karanta a tsaye, har ƙarshe. Sai ya ce, "Malama, akwai kuskure. Ba shekara biyu ba ce, huɗu ce. Tun yana aji uku na sakandare yake zuwa."

Tun yana aji uku, Yaya. Lokacin ina gida, ni ke wanke masa kayan makaranta, ni ke zazzage aljihunsa, kuma ban ga komai ba. Ga ni yau da lasisi a bango.

Na soke biyu na rubuta huɗu, ya ɗauki ambulan ya kai da kansa. Su ba shi ko su hana shi, matsalarsu ce. Ni dai ban yafe ba, kuma bai nema ba.

Ranar Asabar zan zo. Ki bar min ɗakin Auta, a nan zan sauka.

Taki,
Ƙanwarki